Musun da Na Yi wa Malam a Salford

Ranar da takardar ta shigo wayata ina tsaye ne a bakin murhu ina kaɗa miyar kuka. Na karanta layin farko, na saki maburgi na rangaɗa guɗa, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi. Wata jami'a a Salford, dab da Manchester, ta ɗauke ni karatun digiri na biyu a fannin ruwan sha, kuma masu tallafa wa malaman kwalejoji sun yarda su ɗauki nauyina. Sai da na gama tsalle-tsallena sannan na karanta layi na biyu. Wai kafin in fara sai na yi mako goma ina koyon Turanci safe da yamma, in yi jarrabawa a ƙarshe. In na ci, in wuce. In na faɗi, in tattara ya-nawa-ya-nawa in koma gida.

Nan da nan raina ya ɓaci. Ni da na yi shekara takwas ina koyar da ɗalibai da Turanci a kwalejinmu, ni za a mayar aji a koya wa Turanci? Rabin maki ne fa kawai ya gaza mini a ɓangaren magana, a jarrabawar da na je Abuja na yi. Maigidana ya bar ni na gama banbamina, sannan ya ce, "To, ki rubuta musu ki ce kin fi ƙarfin abin, su ba wata." Na harare shi. A gidanmu kowa ya san ni da musu, tun ina yarinya. Mahaifiyata takan ce da musu sana'a ce da tuni na gina mata gidan sama. Amma wannan karon na ja bakina na yi shiru, don ko shekara guda za su ce in yi ina ABC, zan yi.

Washegari na je in gaya wa Malam. Malam shi ne shugaban sashenmu. Shi ya koyar da ni tun ina ɗaliba, shi ya tsaya aka ɗauke ni aiki, shi ya sa hannu a takardar neman tallafin nan. Dattijo ne mai furfura a gemu, ya haura hamsin da biyar, kuma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Na rissina na gaishe shi, na faɗa masa. Ya jawo durowa ya miƙo mini takarda. Irin tawa ce sak, sai dai shi digiri na uku zai yi. Shi ma mako goma na Turanci. Ya ce, "Kin ga mun zama 'yan aji ɗaya." Na yi dariya a lokacin, ban san abin da ke jirana ba.

Mun sauka Manchester a watan Yuni. Abin da ya fara ɗaure mini kai rana ce: ta ƙi faɗuwa. Mutum ya yi la'asar, ya ci abinci, ya yi wanki, ya leƙa taga ya ga gari tarwai kamar hantsi. Na sami ɗaki a wani gida kusa da tashar tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke ratsa cikin gari. Kwana biyun farko haka kawai nake shiga tiram in je ƙarshen layi in dawo, ina kallon ruwa da dogayen gine-ginen gilashi ina murmushi ni kaɗai kamar sabuwar kamu.

Ranar rajista tun ƙarfe bakwai na shirya, alhali sai tara za a buɗe. Na sa atamfata da na ɗinka musamman, na ɗora rigar sanyi a kai. Zauren cike yake da mutane, 'yan China, Larabawa, Turkawa, da wasu da ban iya cankar ƙasarsu ba, kowa rungume da fasfo da takardu, kowa na murmushin da bai san wa yake yi wa ba. Aka duba fasfona, aka ɗauki hotona, cikin minti biyu sai ga kati ya fito daga inji da ɗuminsa, da fuskata, da sunana, da igiyar rataya a wuya. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ɗauki hoton katin na tura wa maigidana, da mahaifiyata, da Yayata da ke Birmingham, har da maƙwabciyar nan ta katanga.

Ina juyowa sai ga Malam a layi, da hularsa da jakarsa ta fata. Ban yi wata-wata ba na je na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Kafin in miƙe wata Baturiya mai rigar ma'aikata ta sheƙo a guje ta riƙe kafaɗata, tana tambaya ko jiri ne ya ɗebe ni, a kawo ruwa? Na ce mata gaisuwa nake yi. Ta dubi Malam, ta dube ni, ta ce to madalla, ta koma tana waiwaye. Aka yi mana ɗan gwaji na raba aji, aka liƙa sunaye da yamma. Ni da Malam aji ɗaya.

Zan faɗi gaskiya, girman kan da na zo da shi bai yi mako guda ba ya zube. Karatun ya yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Malamarmu wata gajeruwar mata ce 'yar garin, da keke take zuwa ko ana ruwa, gashinta a jiƙe. Ta ce mu riƙa kiranta da sunanta kawai. Ni da ƙyar na saba, Malam kuwa har muka gama "Madam" yake ce mata. Ta ɗauki rubutuna na farko, wanda na cika da manyan kalmomin da nake tsorata ɗalibai da su a gida, ta ja layi ƙarƙashin sakin layi guda ta rubuta a gefe: me kike son faɗi a nan? Na karanta sau uku, ni ma ban sani ba. Daga ranar na kamu. Na koyi yadda ake ɗaukar maganar wani a ambaci mai ita, da yadda ake sauraron lacca a tsamo ƙashinta. Laburare kuwa hawa-hawa, littafin da na yi shekaru ina jin sunansa sai ga shi a hannuna, kuma wai in tafi da shi gida. Kullum da yamma sai na kira maigidana na ba shi labari har ya ce kunnensa ya yi zafi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Cikin jarrabawar ƙarshe akwai tattaunawa. Za a zaunar da mutum huɗu a teburi, a ba su batu, su yi muhawara minti ashirin, malamai biyu na gefe suna ba kowa maki. Wanda ya faɗi wannan ya faɗi duka, ko da ya cinye sauran. Tun mako na biyu aka raba mu, kuma rukunin ba ya canzawa. Namu ya ƙunshi ni, da Malam, da wata 'yar China mai sanyin murya, da wani injiniya ɗan Libiya.

Ga yadda muke yi. Malama ta ba da batu. Dukanmu mu juya mu kalli Malam, don wa zai riga babba magana? Malam ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗauko bayani tun daga tushe, na ɗaya, na biyu, na uku, kamar yana gaban ɗalibai ɗari biyu. In ya kai aya, ɗan Libiya ya dafa ƙirji ya ce dattijo ya yi gaskiya. 'Yar China ta gyaɗa kai. Ni kuma, idona a kan teburi, in ce na yarda da duk abin da Malam ya faɗa, in ɗan ƙara misali ɗaya da zai ƙarfafa maganarsa. Mu a ganinmu ba rukunin da ya kai namu tarbiyya. Muna jin na kusa da mu suna ta katse juna, har nakan ce a raina, ji waɗannan marasa kunya.

A mako na shida aka yi mana gwaji irin na ranar jarrabawa. Sakamako ya fito, marasa kunya sun ci, mu huɗu mun faɗi.

Malama ta kira ni ofishinta ni kaɗai. Ta ce rubutuna yana cikin mafi kyau a ajin, kuma ta sha jina a wajen shan shayi ina kayar da mutane a gardama. To me ke kama bakina a teburi? Na ce mata Malam malamina ne. Ta ce ta sani. Na ce ba ta gane ba, malamina ne tun ina 'yar shekara goma sha tara, sa'an mahaifina ne. Sai ta buɗe takardar makin ta nuna mini. Akwai gurbin ƙalubalantar ra'ayin wani, nawa babu komai. Ta ce Malam ma akwai gurbin kare ra'ayi in an ƙalubalance shi, nasa ma babu komai, tunda ba wanda ya taɓa ƙalubalantarsa. Ta ce, "Ba ke kaɗai shirunki zai kayar ba." Na fito. Na hango kaina a filin jirgin Kano da akwatuna, mutanen da suka raka ni da addu'a suna tambaya, har an gama? Na kuma hango Malam a bayana da jakarsa ta fata, shi da ya fi ni abin kunya.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Birmingham wajen Yaya. Yayata likita ce, ta fi shekara goma sha biyar a can, suna zaune a Small Heath. Unguwar ta sanyaya mini rai tun daga bakin titi: gidaje manne da juna, masallaci nan masallaci can, mahauta na halal, mata da hijabai suna jan keken jarirai. Yaya ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe.

Muna cikin ci sai mijinta, wani akanta mai tsokanar tsiya, ya dube ni ya ce da Turanci wai yana tausaya mini, an kai ni ƙauyen da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ga Birmingham, birni na biyu a ƙasar nan, ina gani. Tsakanina da mijin Yaya kuwa ba a jin kunya, abokin wasana ne tun ranar da ya zo neman aurenta na hana shi shiga zaure sai da ya ba ni alewa. Na ajiye cokali. Ni da ko wata biyu ban yi a Manchester ba, na tashi haiƙan ina kare ta kamar a can aka yanke cibiyata. Na katse shi, ya katse ni, na kama shi da maganar da ya yi minti biyar baya na juya ta a kansa. Duk da Turanci. Sai da ya ɗaga hannu biyu ya ce ya tuba.

Yaya tana ta kallona. Ta ce, "Ke, wai ba ke ce aka ce speaking ɗinki ne matsala ba?"

Nan na fashe mata da labarin duka. Ta ce, "Ni ma na sha wannan. Shekarata ta farko a asibiti, consultant, wato babban likita, ya rubuta dose ɗin maganin da na san ya yi yawa, na tsaya ina murza yatsu ina neman yadda zan faɗa cikin ladabi. Wata nurse ce ta zo ta faɗa masa kai tsaye, ya ce thank you, ya gyara. Ni kuma aka tambaye ni me ya sa na gani na yi shiru."

Na ce, "Yaya, wannan Bature ne. Malam fa?"

Ta ce, "To ki zauna. Ki durƙusa masa har airport."

Na dawo Salford da niyyar in sami Malam in roƙe shi izini. Sau biyu ina zuwa inda yake zama a laburare. Na gaishe shi, na tambayi mutanen gida, na tambayi ciwon gwiwarsa, na tambayi yadda yake fama da abincin garin, na yi masa sallama na tafi. Shi ma ya ga sakamakon, kuma na san malama ta kira shi, amma bai ce mini uffan ba. A aji muka ɗan gwada, ɗan Libiya ya ce yana da ɗan bambancin ra'ayi kaɗan, da Malam ya dube shi ta saman tabarau sai bambancin ya narke.

Saura mako guda aka ba kowane rukuni batunsa, an zaɓo daidai da fannin karatun mutanensa. Namu shi ne: me ke sa ayyukan raya karkara su lalace bayan an gina su? Ina karantawa gabana ya faɗi, don na san amsar Malam kalma da kalma. Tana cikin ɗan littafin darasin da ya rubuta, wanda kowane ɗalibin sashenmu ke haddacewa. A ciki ya ce famfunan tuƙa-tuƙa na ƙauyuka suna mutuwa ne saboda mutanen ƙauye ba su san darajar abin da aka ba su kyauta ba. Ni ma na haddace, na kuma koyar.

Sai dai shekara shida kafin nan na kai ɗalibai aikin gani da ido wasu ƙauyuka. A ƙauyen farko wata tsohuwa ta kai ni wajen famfonsu da ya mutu. An share gindinsa tas, an kewaye shi da ƙaya don awaki, an ɗaure hannunsa da tsumma kada yara su wahalar da shi. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini wata 'yar roba da ta cinye, ba ta fi murfin kwalba ba. Ita ce ta lalace. Sun aika kasuwanni uku ba a samu ba, kuma wanda ya kafa famfon bai bar musu ko lambar waya ba. Ƙauyuka na gaba ma kusan labarin ke nan. Na dawo na rubuta rahoto mai laushi, na ci gaba da koyar da littafin Malam yadda yake.

Ranar jarrabawa da ƙarfe goma na safe muka shiga. Teburi, kujeru huɗu, agogo a bango, malamarmu da wani malami a gefe da takardu. Aka ce mu fara. Muka kalli Malam. Ya gyara zama ya ɗauko, na ɗaya, na biyu, har ya iso kan mutanen ƙauye da rashin sanin darajar kyauta. Ɗan Libiya ya fara ɗaga hannu zai dafa ƙirji. Na saci kallon agogo, minti shida sun tafi. Abin mamaki, ba filin jirgi na tuna ba. Tsohuwar nan na tuna, da yadda ta mayar da robar bakin zane ta ƙulle.

Na ce da Hausa, a hankali, "Gafarta Malam." Sannan na ɗaga kai na juya harshe, na ce ban yarda ba.

Malam bai gama jimlarsa ba ma, na katse shi. Karon farko a rayuwata na ga ƙwayar idonsa, ashe ja-ja ce kaɗan. Na ba da labarin famfon, da ƙayar, da robar. Na ce mutanen da suka kewaye mataccen famfo da ƙaya ba su yi kama da waɗanda ba su san darajarsa ba.

Malam ya cire tabarau ya ajiye. Na ce shi ke nan, na kashe kaina. Sai ya ce ƙauye nawa na je, da zan rushe magana da tsohuwa ɗaya? Na faɗa masa. Ya ce to me ya hana su kafa kwamiti tun famfon na da rai? Na ce wa ya gaya musu akwai robar da ke cinyewa? Ya buga teburi da yatsa ya kawo misalin wani gari da aka ba su kayan gyara suka sayar. Kafin in amsa sai ga 'yar China, wadda ban taɓa jin ta yi jimla uku a jere ba, ta shigo da labarin ƙauyen kakarta, ta goyi bayana. Ɗan Libiya ya koma bayan Malam, amma wannan karon da hujja. Ni kuwa abin nan na gidanmu ya motsa, na manta da maki, na manta da furfura. Wani daɗi ya riƙa ratsa ni har tafin ƙafa. Sai da malamin gefe ya ce lokaci ya cika sau biyu sannan muka ji shi.

Muna fita kunya ta rufe ni. Na kai hannu zan karɓi jakar Malam kamar kullum, ya riƙe abarsa. Muka taka har tashar tiram ana yayyafi, yana gaba ina baya. Da muka tsaya sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaushe kika je ƙauyukan nan?"

Na ce, "Shekara shida ke nan, Malam."

Ya daɗe yana kallon layin dogo. Ya ce, "Aji shida ke nan na yaye da wannan maganar. Kina zaune a ofishin da ke kallon nawa."

Na shirya wa faɗan rashin kunya, har na tanadi kalmomin ban haƙuri, amma ban shirya wa wannan ba. Shi ya fi yi mini ciwo, kuma har yau in na tuna sai na ji shi.

Bayan kwana biyar sakamako ya fito. Mu huɗu duka mun ci. Na yi guɗa a tsakiyar laburare, aka zo aka roƙe ni in rage murya. Na kira maigidana, na kira Yaya, mijinta ya karɓe wayar yana cewa shi ya horar da ni, a ba shi tukuicinsa.

Da yamma muka haɗu da Malam a tiram. Na rissina na yi masa murna, ya yi mini. Ya buɗe jakar fatar ya zaro littafin darasin nan, tsohon kwafinsa da gefuna suka naɗe, ashe har Ingila ya zo da shi. Ya haɗa da jan biro ya miƙo mini.

Ya ce, "Shafi na goma sha huɗu. Gyara. In kuma kin san da wasu, kada ki sake kai ni shekara shida."

Na san da wasu guda uku. Biyu na faɗa masa kafin mu sauka. Na ukun sai da na kwana biyu ina tara ƙarfin hali.